Likitan Zazzaɓi na Faskari

Motar ta faɗa rami, kan Yahuza ya zame daga jikin taga ya sauka a kafaɗar matarsa Sa'adiya. Ba ta gyara shi ba, duk da ta san Baba Audi, ƙanin mahaifin mijin nata, yana iya hango su ta madubi daga kujerar gaba. Ɗumin goshinsa ya ratsa hijabinta. Hantsi bai gama ɗagawa ba, don haka ta san wannan ragowar zazzaɓin jiya ne. Na yau sai la'asar.

A waje damina ta cika ko'ina. Masara ta wuce tsayin mutum, dawa ta yi duhu, duwatsun da ke bayan Ƙanƙara sun jiƙe suna sheƙi. Sa'adiya ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba, komai kamar ta cikin ruwa take ganinsa. Gonakin suna wucewa a hankali. Wata mata da ƙwarya a ka ta tsaya a bakin hanya kamar an zana ta, sannan ta ɓace.

"Malama, ki saki ranki," in ji Baba Audi. "Mutumin nan na Faskari ba irin yaran asibitinku ba ne. A ƙasar waje ya yi karatu. Ɗiyar maƙwabcina a kwance aka kai mashi ita, da ƙafarta ta dawo gida."

"Allah ya sa a dace, Baba."

"Za a dace. Mi ya rage da ba mu yi ba?"

Gaskiyarsa, babu abin da ya rage. Yahuza mahauci ne a kasuwar Ƙanƙara, mutumin da a da yake saɓa cinyar saniya a kafaɗa ya ratsa kasuwa da ita yana gaisawa da jama'a. Tun kafin azumi ciwon ya soma. Da la'asar sanyi zai kama shi, jiki ya ɗau zafi, kafin asuba ya jiƙe sharkaf da zufa kamar an tsamo shi daga rijiya. Da safe ya tashi kamar ya warke, sai ciwon baya da gwiwoyi. An ce maleriya ce, ya sha magani. An ce taifot ne, an yi masa allurai. An dawo kan maleriya. An sha rubutu, an dafa sassaƙe, an yi turare. Yanzu buta ma da hannu biyu yake ɗagawa.

A makon da ya wuce ne matashin likitan da ke asibitin garinsu ya ajiye bironsa ya dubi Sa'adiya. Ya ce iya abin da zai iya ke nan, kuma ba ya son ya ci gaba da ba shi magani a kan zato. Ya ce akwai likitocin da aikinsu ke nan, likitocin cututtuka masu yaɗuwa, su ne suka san bin diddigin zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Amma ba su da yawa, a manyan asibitocin koyarwa ake samunsu.

Ita kuwa malamar firamare ce, tana da katin inshorar lafiya irin na ma'aikata, wanda ya haɗa da miji da 'ya'ya. Ba su taɓa amfani da shi don Yahuza ba, domin shi mutumin kemis ne, in ya ji jiki sai ya aika a sayo. Sista Alheri, nas ɗin da ke kula da masu kati a asibitin, ita ta kwafi lambar katin ta ce za ta bincika inda za a sami irin wannan likitan. Ta raka Sa'adiya har bakin ƙofa, ta riƙe mata hannu.

"Malama, duk inda za ki kai shi, ki tambayi abu biyu. Shin wurin yana karɓar katin nan? Sannan shi likitan, yana da lambar rajista? Kowane likita na gaske yana da ita, kuma ana iya dubawa. Ki turo mini kawai."

Kafin Alheri ta gama bincikenta sai ga Baba Audi da labarin wani Dakta Hamidu da ya buɗe asibiti a Faskari, ƙwararre a kan kowane irin zazzaɓi. Uwar Yahuza ta yi kuka ta ce a je. Sa'adiya ba ta da bakin cewa a'a. Kuma in za ta faɗi gaskiya, ita ma tana son ya zama shi ne.

Yahuza ya motsa, ya buɗe ido rabi.

"Sa'a, shanun nan sun ƙetare?"

"Waɗanne shanu, Baban Bilki?"

"Farare. Ruwa ya kai masu wuya, amma ba sa kuka."

"Sun ƙetare," in ji ta. Ya yi ajiyar zuciya ya koma barci.

Asibitin yana ƙarshen wani layi ne a bayan kasuwar Faskari, gida ne da aka yi wa shuɗin fenti, da bishiyar mangwaro a ƙofa. Da suka shiga sai Sa'adiya ta ji kamar an zare ta daga duniya. Babu warin magani, babu ihun yara, babu mai ture wani a layi. Fanka tana juyawa a hankali, farin labule yana tashi yana kwanciya. A saman rufi tattabaru suna guɗa. A bango akwai babban hoton wasu duwatsu masu farin kai da wani tafki a ƙarƙashinsu, ruwansa tsit kamar madubi. Mutanen da ke kan benci ma a hankali suke magana.

Wata mata mai farin gilashi tana zaune a tebur tana rubuta sunaye. Sa'adiya ta ciro katin daga jakarta ta miƙa.

"Kuna karɓar wannan?"

Matar ta juya katin gaba da baya, ta mayar mata da murmushi. "Ana kan shirin sa mu a ciki. Ba a kammala ba tukuna."

"Yo Malama, kati muka zo nema ko lafiya?" in ji Baba Audi. "Mayar da abinki jaka."

Ta mayar. Suka zauna. Ba ta san tsawon lokacin da suka yi ba, idonta yana kan tafkin da ke bango, har ta soma jin kamar sanyinsa yana taɓa mata ƙafa. Sai ta ji an kira sunan Yahuza.

Dakta Hamidu dogon mutum ne siriri, gemunsa ya soma furfura, farar rigarsa a goge. Ya taso da kansa ya kama Yahuza ya zaunar da shi, sannan ya jawo kujerarsa kusa har gwiwoyinsu suka kusa haɗuwa. Bai taɓa biro ba.

"Malam Yahuza, mece ce sana'arka?"

Yahuza ya ɗago kai da mamaki. "Fawa."

"Tun yaushe?"

"Gado ne. Tun ina yaro nake bin mahaifina kwata."

"Da hannu kake fiɗa, ko kana sa safar hannu?"

Yahuza ya yi 'yar dariya, wadda Sa'adiya ta manta rabon da ta ji irinta. "Dakta, wa ya taɓa ganin mahauci da safa?"

"To in an yanka saniya aka tarar tana da ciki, wa ke fitar da ɗan tayin?"

"Ni. Yara ba su iya ba, sai su fasa."

"Kafin ciwon nan ya soma, ka yi irin wannan aikin?"

Yahuza ya soma ba da labarin wata saniya da wani Bafulatani ya kawo da araha saboda ta yi ɓari sau da dama. Ya ce a ranar yana da yanka a yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Ya ce yana shan nono sosai, wanda ake kawowa daga ruga, bai taɓa tambaya ko an dafa madarar ba. Yana magana muryarsa tana ƙara ƙarfi. Likitan yana gyaɗa kai, hannunsa a kan gwiwar Yahuza, yana danna gaɓar a hankali. Wata da watanni suna yawon asibiti da kemis, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake yi da hannunsa.

"Akwai ciwon da mutum ke ɗauka daga dabba," in ji Dakta Hamidu a ƙarshe. "Haka yake yi, ya zo da yamma ya tafi da asuba, ya zauna a ƙashi. Ba maleriya ba ce."

Baba Audi ya juyo ya dubi Sa'adiya, fuskarsa cike da haske. Ita ma sai ta ji idonta ya kawo ruwa. Ta ji kamar ta kwanta a nan kan siminti ta yi barci har gobe.

"Wane gwaji za a yi masa, Dakta?" ta tambaya.

"Ba sai an yi gwaji ba, Hajiya. Na san shi in na gan shi. Zai kwanta a nan 'yan kwanaki, mu sa masa ƙarin ruwa da allurata."

"Ya sunan allurar?"

Ya yi murmushi mai taushi. "Haɗi ne nawa. Ko na faɗa miki ba za ki same shi a kemis ba."

Maganar ta sauka a zuciyarta kamar 'yar tsakuwa a cikin tuwo. Likitan ya kama Yahuza suka shiga ɗakin ciki inda gadaje suke, Baba Audi ya bi su da ledar kaya. Aka bar ta ita kaɗai a ofis, da fanka da kukan tattabaru.

A bayan kujerar likitan akwai takardun shaida a cikin gilashi, an jera su da kyau. Ta matsa kusa. Ta tsakiyar tana da tambari da jan hatimi, da suna da manyan baƙaƙe, Hamidu Rabo, da wata lamba a ƙasa. Sai ta ji kunya, kamar za ta buɗe akwatin mai gida a gidan da aka karɓe ta da ruwan sanyi. Ta ciro wayarta ta ɗauki hoton takardar.

A cikin gidan babu sabis. Ta fita ƙofa, ta tsaya a gindin mangwaron ta ɗaga wayar sama har hoton ya tafi wajen Sista Alheri. An kira azahar a wani masallaci kusa. Baba Audi ya fito yana naɗe hannun riga.

"Bari in yi salla in dawo. Sun ce sai sun dafa kayan aikinsu kafin su sa mashi ruwan. Kin ga tsabta ko?"

"Na gani, Baba."

Ya tafi. Ta zauna a kan wani tushen bishiyar, ta jingina bayanta. Iska mai ƙanshin ruwa tana tasowa daga gabas, ganyen mangwaron suna raɗa. Ba ta rufe ido ba, amma ta ga Yahuza. Ta gan shi a bakin dam ɗin garinsu ranar wata sallah, ya ɗora Bilki a wuya yana shiga ruwa da ita har gwiwa, yarinyar ta riƙe kunnuwansa tana ƙyalƙyala dariya. Ta ga ya juyo yana kiranta ta shigo, ita kuma tana nuna masa sabon lallen ƙafarta. Ruwan ya yi ta faɗi har ya koma shuɗi, duwatsu masu farin kai suka fito a bayansa. Ta ji tana roƙon Allah kada Alheri ta kira. A bar ta a nan, a sa masa ruwan, ya tashi gobe ya ce yana jin yunwa.

Wayar ta yi ƙara a cinyarta.

"Malama, kina ina?" Muryar Alheri ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Ina ƙofar asibitin."

"An yi masa wani abu?"

"Ba a soma ba."

"To kada a soma. Na sa lambar nan a shafin hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Lambar ta gaske ce, amma ba ta namiji ba ce. Sunan da ya fito Hamida Rabo. Hamida, ba Hamidu ba. Ki duba hoton da kyau, za ki ga harafin ƙarshen ya fi sauran baƙi."

Wata akuya ta zo ta tsaya a gaban Sa'adiya tana tauna ɓawon masara.

"Ko kuskure aka yi wajen rubutawa?"

"Ba kuskure. Na san matar, Malama. Ita ta koyar da mu a wani taron bita kan zazzaɓin da ɓera ke kawowa. Gajeruwa ce, ba ta da yawan dariya. Babbar likita ce a asibitin koyarwa, kuma ɓangarenta ke nan, cututtuka masu yaɗuwa. Wadda muke nema ce tun makon jiya, ban tuna da ita ba sai da na ga sunan."

"Sista, mutumin nan ya san ciwon. Ya yi masa tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi."

"Mai yiwuwa. Amma kin san abin da ke cikin allurar?"

"Ya ce haɗinsa ne."

"To kin ji. Ni zan kai maganarsa ofis, wannan aikina ne. Ke ki fito da mijinki. Sannan ki saurara, akwai maganar kati. Asibitin da take yana karɓa, har gwaje-gwaje da kwanciya. Amma ba za su gan shi a kan katin ba sai da takardar turawa daga asibitin da kika zaɓa ranar da kika yi rajista. Naku ba nan Ƙanƙara yake ba. A garin Sabuwa yake."

Sa'adiya ta dafe goshi. Ta manta. Lokacin da aka yi rajistar tana koyarwa a Damari ne, a ƙasar Sabuwa, kafin a dawo da ita gida.

"Ba za a iya mayar da shi wajenku ba?"

"Ana iyawa, amma yana ɗaukar lokaci, kuma jikin nan nasa ba na jira ba ne. In kin kai shi Sabuwa da kansa likitan can ya gan shi, a ranar za su nemo muku lambar izini. Zan kira wadda ke teburin kati a can, ƙawata ce."

Ta tashi. Ta ratsa ɗakin jira, ta wuce matar mai gilashi, ta ɗaga labulen ɗakin ciki.

Yahuza yana kwance a kan farin zanen gado, ya miƙa hannu, an ɗaure masa damtse da roba. Fuskarsa a sake take kamar ta yaron da aka yi wa wanka. Jakar ruwan tana rataye a kan ƙarfe, ruwan cikinta rawaya-rawaya. Dakta Hamidu ya sunkuya yana shafa jijiyar da auduga, allura a ɗaya hannun.

"Dakta, a dakata."

Ya ɗago. "Hajiya, ba zai ji zafi ba."

Ta matso kusa don kada muryarta ta fita waje. Ta yi mamakin yadda ta fito a sanyaye.

"Lambar da ke jikin takardarka ta wata mata ce. Sunanta Hamida."

Fanka tana juyawa, labule ya tashi ya kwanta. Ta jira ya yi faɗa, ko ya yi dariya, ko ya kira matar da ke waje a fitar da su. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi allurar da ke hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya mayar mata da murfinta ya ajiye a faranti. Ya kwance robar daga damtsen Yahuza. Ya goge wurin da auduga duk da bai huda ba, ya sauke masa hannun riga.

"An fasa ne?" in ji Yahuza cikin magagi.

"An fasa, Malam Yahuza. Tashi a hankali, kada jiri ya ɗebe ka."

Shi ya sa masa takalma da hannunsa. Da ya miƙe bai dubi Sa'adiya ba, bango yake kallo.

"Ranar Talata take ganin sababbin marasa lafiya," in ji shi. "Ku isa da sassafe, layinta yana da tsawo. Kada ya sha kowane magani kafin a ɗebi jininsa, in ba haka ba gwajin ba zai nuna ba. Maganar saniyar nan da yankan yatsa, ke za ki faɗa mata, shi zai manta."

"A ina ka san ta?"

Ya ɗauki farantin ya nufi ƙofa. Ya ɗaga labule ya ce wa matar da ke tebur, da muryarsa ta ɗazu mai taushi, "A shigo da na gaba."

Sa'adiya ta rataya ledar kaya, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannun mijinta. A ɗakin jira wata matashiyar mata ta miƙe da yaro a kafaɗa, wuyansa ya langaɓe, leɓunansa sun bushe. Ta yi wa Sa'adiya murmushin gajiya.

"Har an sallame ku? Yaya hannun likitan?"

Sa'adiya ta tsaya. Ta kai bakinta kusa da kunnen matar.

"'Yar'uwa, ba likita ba ne. Takardar da ke bango ba tasa ba ce. Ki kai yaron nan babban asibiti."

Matar ta dube ta, ta dubi yaron, ta dubi labulen da ke motsi.

"Daga can nake," in ji ta. "Sun ce in dawo jibi."

Ta gyara yaron a kafaɗa ta shige.

A gindin mangwaro suka haɗu da Baba Audi yana dawowa da carbi a hannu. Da ya gan su da kaya sai ya tsaya cak. Sa'adiya ta rusuna ta faɗa masa komai, idonta a ƙasa. Tana magana fuskarsa tana canzawa.

"Ke yanzu saboda harafi guda kika tashe shi daga gado? Takarda ke warkarwa ko hannu? Kin ji hwa yadda ya gano ciwon a zama ɗaya!"

"Na ji, Baba."

"Ni na kawo ku. Da wane ido zan dubi mutanen garin nan? Da wane baki zan yi wa uwarshi bayani?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan iya bari a sa masa abin da ba shi da suna ba."

"To sai ki kai shi inda kika ga dama. Ni na yi nawa."

Ya juya ya yi gaba, rigarsa tana kaɗawa. Ta tsayar da kabu-kabu biyu, ta ɗora Yahuza a ɗaya ta ce a tafi a hankali, ita ta hau ɗayan tana riƙe da leda.

A tasha motoci biyu ne ke lodi. Ɗaya za ta koma Ƙanƙara, ɗaya Funtuwa, inda ake samun motar Ɗandume da Sabuwa. Hadari ya haɗo a gabas, hasken rana ya koma ruwan zuma, komai na tashar ya yi kamar an wanke shi. Kowa ya san direbobi ba sa son yamma ta yi masu a hanyar Sabuwa. In ta koma gida, za ta kwana a ɗakinta kusa da 'ya'yanta, gobe dangi su taru a yi shawara, shawarar kuma ta san yadda take tsawo. In ta yi gaba, akwai Dada, tsohuwar da ta ba ta ɗaki lokacin da take koyarwa a can, in dai tana nan da rai.

Ta hango Baba Audi a jikin motar Ƙanƙara, ya ba su baya.

"Funtuwa, mutum biyu," ta ce wa ɗan kamasho.

Aka matsa masu a baya. Ta zaunar da Yahuza, ta cire mayafin da ke cikin leda ta lulluɓe shi, domin ta ga ya soma haɗa haƙora. Ta tura wa uwarsa saƙo a wayar maƙwabciya cewa a kula da yara, sai ta kira.

"Mutumin nan yana da kirki," in ji Yahuza, idonsa a rufe.

"Yana da shi."

"Ina za mu?"

"Sabuwa. Daga can sai wajen wata likita."

Direba ya shiga ya tada mota. Saura kujerar gaba, ɗan kamasho yana ta kiran mutum ɗaya. Sai ƙofar ta buɗe, Baba Audi ya tattara rigarsa ya shigo ya zauna, ya ja ƙofar da ƙarfi.

"Mace da marar lafiya a hanyar Sabuwa, ba namiji," in ji shi ga direban, kamar direban ne ya yi laifin. "Ja mu tafi tun da sauran rana."

Suka fita daga gari. Yayyafi ya soma sauka a gilashi, gonakin suka narke suka zama kore ɗaya. Sai da suka hau babban titi sannan Baba Audi ya yi gyaran murya.

"Mi kika ce sunanta?"

"Dakta Hamida, Baba."

"Mace."

"Mace ce."

Ya ja carbinsa, ƙwaya bayan ƙwaya.

"Ɗiyar wane gida ce?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ki sa ƙawar nan taki ta bincika," in ji shi. "Ba za mu ɗauki yaro mu miƙa wa wanda ba mu sani ba."

"To, Baba," in ji Sa'adiya, ta ciro wayarta.